Wasiƙa kan tafiyar ɗanmu koyon koyarwa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da kasuwa. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Zariya sai godiya, sabon hatsi ya fara shigowa.

Saƙonka ya iso cewa ɗanmu ya shiga shekarar ƙarshe ta NCE, wato karatun shaidar malanta, za a tura shi TP, wato koyon koyarwa a makaranta, a zangon nan. Na yi murna ƙwarai. Ka ce in ja masa kunne tunda ni ke cikin harkar. Zan kira shi insha Allahu, amma ina so kai ma ka ji abin da zan gaya masa, don bakinmu ya zo ɗaya.

Babban abin da ke ci mini rai game da 'yan TP shi ne da yawansu don malamin da zai zo duba su suke koyarwa, ba don yara ba. Da an ji ƙishin-ƙishin zai zo gobe, sai a kwana ana zane a kwali, a goge kaya, tsarin darasi ya cika shafi. Ya ba da maki ya tafi, washegari a shiga aji da littafi a hannu, a yi ta kwafe wa yara a allo har a kaɗa ƙararrawa. Yara kuwa suna gani, ba a ɓoye musu komai. Kuma halin da mutum ya saba da shi a waɗannan watanni, da shi zai yi aiki har ritaya.

Bara an turo mana wata yarinya, aka ba ta lissafi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Satin farko ta nemi izinin malamin ajin ta zauna a bencin baya da ɗan littafinta, tana kallon yadda yake yi. Daga can ta gano cewa yaran layin baya ba taurin kai ke hana su rubutu ba, karatun ne ba su iya ba. Da ta karɓi alli sai ta dawo da su gaba. Lokacin tara kana iske ta ƙarƙashin darbejiya da tulin littattafai, ba ta tsaya ga jan biro kawai ba, sai ta rubuta wa yaro a gefe inda ya kauce. Duk darasin da ta gama sai ta bi malamin ajin: "Malam, ina na kuskure yau?" Dattijon nan da ba ya yabon kowa, shi ya je wurin shugaban makaranta yana cewa ina ma a bar mana ita. Irin wannan nake so ɗanmu ya zama.

Sai maganar da ba na so ka ɗauka da wasa. Saurayi ne, za a ba shi aji da 'yan mata da ba su fi shi ƙanƙanta da yawa ba. Kada ya karɓi lambar wayar ɗaliba, kada ya keɓe da ita, kada ya aike ta gidansa ko da ɗebo ruwa ne. Na ga wanda zargi kawai ya raba shi da makaranta da mutuncinsa. Kuɗin yara ma ya nisance su, da sunan ko mene ne. Bulala kuwa ba tasa ba ce. Wanda ya gagare shi ya kai wa malamin aji. Ya riga asambuli isowa, ya gaida mai gadi kamar yadda yake gaida shugaba.

Ka sanar da shi kwalin NCE kaɗai bai isa ba yanzu. Hukumar TRCN, da aka kafa a 1993, ita ke yi wa malamai rajista, tun 2017 kuma sai an ci jarrabawarta, kuma tana da ikon soke sunan wanda ya ci amanar aiki. Ka tuna a 2017 ɗin nan a jiharmu ta Kaduna malaman firamare 21,780 suka faɗi gwajin da aka yi musu. Har yau abin na taɓa ni, don na san wasunsu ba su taɓa samun wanda ya zauna ya gyara musu ba tun suna koyo.

Na san ka so ya karanta wani fannin, kana ganin malanta ba ta da maiƙo. Albashin kam ba zan yi maka ƙarya ba. Amma Sardauna da Tafawa Ɓalewa daga Kwalejin Katsina, da aka buɗe a 1922 don horar da malamai, suka fito, alli suka fara riƙewa a makarantar Midil ta Sakkwato da ta Bauchi. Malam Aminu Kano ma a Bauchi da Maru ya koyar. Don Allah kada yaron ya ji a bakinka cewa abin da ya kama na rashin zaɓi ne.

Idan an sanar da makarantar da aka tura shi, ka aiko mini da sunanta. In kusa ce, zan je in zauna a bayan ajinsa da kaina. Ka taimaka masa da kuɗin mota da na kwali da alƙalamin zane, don ba a biyan su komai a yawancin wurare.

Ka gaida Hajiya da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Naka,
Amininka