Inna, maganar ugun nan

Assalamu alaikum Inna, ina gaisuwa, ya jikin Baba, ya yara? Ni lafiya lau nake, aiki ne dai yayi yawa, sanyi ma ya fara shigowa amma ba wani abu bane kar ki sa a ranki.

Inna labari ya iso min wai ugun nan duk ya kwanta a ƙasa awaki sun cinye rabi, kuma kuɗin rumfar da na turo Auta ya ce wai aro yayi zai mayar. Wallahi raina ya ɓaci, ban ma iya bacci ba ranar. Ugu yaɗo yake, in ba a kafa masa abin hawa ba ganyen haka zai ta shan ƙasa yana ruɓewa ƙwari na binsa. Na sake turo wasu kuɗin ta hannun Yaya, a sayi gora da igiya a kafa rumfar ta kai tsayin mutum, ragowar a yi shinge. Dan Allah kar ko sisi ya bi ta hannun Auta.

In za a cike gurbin wanda ya mutu kar a shanya irin, shi ba kamar na kabewa bane, da zarar ya bushe ya mutu ba zai tsiro ba. A fasa ɗan ugun a cire irin a shuka cikin 'yan kwanaki. Sannan Inna akwai mace akwai namiji, macen ita ce mai kaurin jiki da faɗin ganye, ita ke yin 'ya'ya, namijin siriri ne kuma shi ke riga yin fure. Nasan Kawu zai ce a tuge mazan duka tunda ganyensu ƙanana ne, kar ku yarda, a bar ko biyu ne, in babu su macen ba za ta ɗauka ba, baɗi sai mun sake sayen iri.

Ruwa safe da yamma tunda rani ne amma kar ya kwanta a gindin, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa ta riƙe laima. Kashin kaji sai wanda ya daɗe ya ruɓe, ɗanye ƙona saiwa yake. Wajen yanka kuma a sa wuƙa mai kaifi a ɗauki kan reshen, duk sati 2 zuwa 3, haka yake ƙara tofo, yara su daina fizga da hannu.

Nasan da ina nan da ba ke za ki riƙa jan ruwa da wannan ƙafar ba, abin yana damuna sosai Inna. A nan sai daskararren ugu a leda nake samu, ko ƙamshi babu. Ƙarshen wata in sha Allah zan ƙara wani abu ki samu yaron da zai riƙa ban ruwan. Ki ce Yaya ya turo min hoton rumfar in an gama, kuma Auta ya kira ni da kansa.