A Fito da Wasannin Shakespeare Dandali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan yadda ake koyar da wasannin William Shakespeare a makarantunmu na sakandare, saboda a ganina ana tauye haƙƙin ɗalibai, ana kuma tauye na marubucin. Yaro yakan haddace sunayen taurari da taƙaitaccen labari don ya tsallake jarrabawa, har ya gama makaranta bai taɓa jin an furta jawabi ɗaya daga cikin wasan da muryar da ta dace da shi ba.

Shi kuwa mutumin nan ɗan wasa ne tun kafin duniya ta san shi da alƙalami. An haife shi a garin Stratford na Ingila a 1564, mahaifinsa baduku ne mai ɗinka safar hannu, kuma bai yi karatun jami'a ba. A Landan ya shiga ƙungiyar 'yan wasa, har ya zama mai kaso a gidan wasa na Globe da aka gina a 1599. Da rana ake yin wasa a can, tsakar gidan a buɗe take ba rufi, talaka ya biya kwabo ɗaya ya tsaya da ƙafarsa a gaban dandali, masu hali kuma suna zaune a benaye. Mata ba sa hawa dandali a zamanin, don haka samari ne ke fitowa a matsayin Juliet da matar Macbeth. Duk wanda zai rubuta wa mutanen da ke tsaye fiye da awa biyu, dole ya san yadda zai riƙe hankalinsu, shi ya sa ake samun mahaƙin kabari yana barkwanci a tsakiyar baƙin cikin Hamlet, ana kuma samun mai gadi a buge yana surutu bayan kisan Sarki Duncan a wasan Macbeth. Ɗalibin da ya karanta waɗannan wurare shiru a kan benci ba zai gane amfaninsu ba.

Shi kansa ya rasu a 1616 bai tattara wasanninsa cikin littafi ba. Abokan sana'arsa biyu, John Heminges da Henry Condell, su ne suka buga guda 36 a 1623, kuma kusan rabinsu ba a taɓa buga su ba kafin nan.

Ba na jin Turancinsa mai tsauri ya isa uzuri. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da ɗaya daga cikin wasannin zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu, kamar yadda Julius Nyerere na Tanzaniya ya mayar da Julius Caesar zuwa Suwahili. A wasan Julius Caesar ɗin, malami na iya sa yaro ɗaya ya zama Antony, aminin Kaisar, a gaban gawar Kaisar, sauran ajin su zama jama'ar Rum, su ji da kunnensu yadda mai iya baki yake juya taro daga yabon makasa zuwa neman jininsu. Ina kira ga shugabannin makarantu su ware rana guda a kowane zango don irin wannan, ko da a ƙarƙashin bishiya ne, a fara da Hausa sannan a koma Turancin.

Naku,
Wani malamin adabi, Zariya