Keken yaronka ya kama hanyar Salaga

Aboabo, Kumasi
Daren Laraba

Aminina Boga,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Hambog, yaya aiki? Mu nan sai godiya. Ruwa ne dai ake ta yi ba ƙaƙƙautawa, kwatar bayan gidanmu ta cika ta tumbatsa har sau biyu a makon nan.

Na san ranka ya ɓaci. Sau huɗu ka kira ban ɗauka ba. Wallahi ba wulaƙanci ba ne, nauyi nake ji in ɗauka ka tambaye ni keken yaronka, in ce maka har yanzu yana jingine a bayan ƙofata. Yau na sami abin faɗa, kuma saƙon murya ba zai ɗauke shi ba, shi ya sa na zauna na rubuta. 

Kwana 23 ke nan da masu kwantena suka sauke mini kwalin daga Tema. Ya sha wuya a hanya, kusurwa ɗaya ta yage, amma keken lafiya lau. Kai, ka iya zaɓe! Baƙi da ja, giya 21, ko ƙwarzane babu. Yaran gidanmu har layi suke yi don su leƙa ta wurin yagewar. Sai dai kai da kake can, ka ɗauka daga Kumasi zuwa Salaga kamar daga ɗakinka zuwa tashar jirgin ƙasa ne. “Ka dai tura masa kawai,” in ji ka. Lallai Turai ta mantar da kai tasha.

Na fara da wani ofishin masu kai saƙo a Adum, irin masu sanyin na'ura da rasit mai tambari, don na ce kayan amana ne, gara a biya a huta. Yarinyar da ke wurin ko kallon sikeli ba ta yi ba, sai ta jawo tef irin na tela ta auna kwalin: tsawo santimita 140, tsayi 75, faɗi 20. Ta ninka su, ta raba da 5000, ta ce kilo 42. Na ce mata baiwar Allah, jiya na ɗora shi a sikelin mai masara, kilo 17 ne har da kwalin. Ta yi mini bayani cikin mutunci cewa in kaya ya cika girma ba nauyi, filin da ya cinye a mota ake biya, kuma tsakanin lissafin biyu wanda ya fi yawa shi suke ɗauka. Da na yi tunani ban ga laifinta ba, ai ko direban tasha ba ya karɓar kuɗi ɗaya a kan katifa da buhun siminti don nauyinsu ya zo daidai. Amma kuɗin da ta faɗa ya isa in saya wa yaron wani keken na hannu a nan Alabar. Ga shi kuma iyakarsu Tamale. Ta ma nemi adireshin nan na GhanaPost GPS da aka fito da shi a 2017, ni kuwa abin da na sani game da gidan kakarsa shi ne bayan masallaci, kusa da tsohuwar rijiya. Salaga kuwa wace unguwa ce ba ta da rijiya?

Daga nan na faɗa tasha. Can kam araha kamar kyauta. Kafin in sauke kwalin daga aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, wani ɗan kamasho ya riga ya rungume shi yana cewa, “Kawo Alhaji, gobe war haka yana hannunsu.” Motar ta Yeji ce, ta Mampong da Ejura da Atebubu, daga can a miƙa wa wani ya haye tafkin Volta da shi a pantu, wato jirgin fito, zuwa Makango, sannan wata motar ta ƙarasa Salaga. Hannu uku ke nan, kuma ba wanda na sani a ciki. Na tambayi inda za a sa shi, ya nuna mini saman mota, inda ake ɗora buhuna a ja igiya har sai ta nutse cikin kaya. Na tambayi rasit, ya yi dariya ya ce lambar direba ta isa. Nan take keken ɗinkin ƙanwar maman yara ya faɗo mini a rai, ka tuna yadda ya isa da karyayyen hannu, direba ya rantse haka aka ba shi, maganar ta mutu a nan. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani gudu yake yi. Na karɓe kwalina na biya mai aboboya kuɗin komowa.

Abin da ya tsaya mini a rai a hanyar gida shi ne, wannan fa ita ce hanyar kakanninmu. Daga Salaga suke ɗaukar goro a kan jakuna har Kano, wata da watanni, ba rasit ba waya, kuma kaya su isa, saboda akwai madugu da kowa ya san gidansa da ubansa. Abin da na yi mako uku ina nema ke nan, mutum guda ko ofis guda da zan iya komawa in riƙe in wani abu ya faru, a kuma kuɗin da ba zai sa ka yi da-na-sanin aiko da keken ba.

Af, kafin in manta, an ɗaura auren autan Malam ranar Asabar, da 'yar gidan mai wake da shinkafa ɗin nan ta bakin titi. E, ita dai. An cika maƙil, har daga Nima aka zo. A wurin ataya kuma kujerarka tana nan, mai gardamar nan ya gaje ta, kullum sai ya ce da kana nan da ka kare ƙungiyar ƙwallonka ta Hearts. Na ce masa ko kana nan ba abin da za ka iya, in dai a filin Baba Yara ne. Ka zo ka musa.

To, mu koma. Tsohon nan mai gyaran keke na bakin masallaci shi ya buɗe mini ido. Ya ce kafin a yi maganar wa zai kai, a fara gyara ɗaurin, don rabin ɓarnar daga cikin kwali take farawa. Muka zazzage komai. Ya kwance feda biyu, yana nuna mini cewa ta hagu a juye zarenta yake, wanda bai sani ba sai ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. Ya cire tayar gaba ya jingina ta a jikin keken da kwali a tsakani, ya yanko guntun katako ya cusa tsakanin ƙafafun gaban da ke riƙe tayar, don ko an danne kada su lanƙwashe. Ya juya kan keken ya kwanta, ya sauke sirdi, ya rage iskar tayoyi. Inda ya fi daɗewa shi ne ƙarfen nan na baya mai sauya giya. Ya ce shi ne ran keken, bugu ɗaya ya isa ya karkatar da shi, kuma samun irinsa a Salaga sai an sha wuya. Ya naɗe shi da tsumma da soso kamar jariri. Feda da notuna muka zuba a jaka muka ɗaure a jikin ƙarfen, don kada su yi ta yawo su huda kwali. Na ɗauki hoton komai a waya, muka liƙe da salatif, muka rufe da babbar leda saboda damina. Ko sisi ya ƙi karɓa, ya ce a gaya wa Boga ya tuna da shi da tocila mai kyau.

A ƙarshe manyan bas ɗin nan masu ofishin saƙo, irin su STC da VIP, su na duba, na zaɓi ɗaya mai zuwa Tamale. Sun rubuta sunan kawun yaron da lambarsa, suka ba ni rasit, suka ce sai ya nuna katin shaida za a miƙa masa. Kuɗin ya fi na tasha, amma bai kai ko kusa da na Adum ba. Ban tafi ba sai da na ga an sa shi a cikin mota ta ƙasa, a tsaye, ba a kwance ba, na kuma roƙi mai lodi kada a ɗora masa komai, na ba shi na koko. Jiya da dare suka tashi. Ban yi barcin kirki ba, ina ta lissafi a raina: yanzu sun wuce Techiman, yanzu Kintampo, yanzu gadar Buipe, yanzu Yapei. Kusan kilomita 380 na bi su a kan katifa. Da hantsi kawu ya kira, ya ce kwali yana hannunsa, a bushe, ba inda ya lotsa. Alhamdu lillahi!

Saura Tamale zuwa Salaga, kuma hankalina bai gama kwanciya ba sai na ji muryar yaron. Kawu ya ce ba zai ba kowa ba, ranar Juma'a zai tafi da shi da kansa a motar wani abokinsa mai sayen doya da ke zuwa can ba kaya. Na tura masa hotunan don mai haɗawa ya ga yadda yake, na kuma ja kunnensa a kan fedar hagu. Yaron bai sani ba tukuna. Kada ka gaya masa in kun yi waya, ina so kakarsa ta kira shi tsakar gida ya buɗe da hannunsa. Shekara biyu yana taka ƙafa zuwa makaranta, ka bar shi ya sami wannan.

Kuɗin da na kashe kada ka turo ta MoMo, ka haɗa ka saya wa tsohon tocilarsa. Sai abu ɗaya: akwai kwaɗon sarƙa a naɗe a ƙarƙashin sirdi, a kulle, kuma mun zazzage kwalin kaf ba makulli. Duba aljihun rigar sanyinka, na san halinka. In ka gani ka ba duk mai tahowa, in ba haka ba in ce wa kawu a yanke shi.

Maman yara tana gaishe da mutuniyarta. A shafa mini kan ƙananan.

Naka har kullum,
Amininka na Aboabo