Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta masu filaza da shagunan haya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa, Alhazai da Hajiyoyi da sauran 'yan uwa. Ga taƙaitaccen abin da munka gudanar bana, daga ofishin sakatare.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne maganar wuta da zafi, don kasuwar haya ta canza, duk mai shago ya gani da idonshi. Da mai neman shago kuɗin haya yake fara tambaya, yanzu kam sai ya ɗaga kai ya dubi rufi ya ce akwai silin? akwai sola? Tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareto ya zama kaya, sannan a Afrilun 2024 anka ƙara ma 'yan Band A, wato rukunin da anka yi ma alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit, to mai kemis da mai sai da ruwan sanyi da ofisoshi masu esi duk lissafi suke kafin su sa hannu.

Shi ya sa munka gayyato injiniyan gini ya yi muna bita kan ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017. Abin da na fi so mu riƙe shi ne cewa gilashi kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai in an yi mishi inuwa. Wallahi ina jin takaici in na ga sabuwar filaza an lulluɓe gabanta da gilashi tana kallon yamma, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ranar la'asar tana dukan shi kai tsaye, esi na ta aiki ba hutu ɗan haya na biya, ƙarshe ya tashi shago ya zauna kulle. Baranda mai faɗi, kwano mai farin fenti, abin tare zafi tsakanin kwano da silin, tagogi masu kallon juna don iska ta ratsa, waɗannan kuɗinsu bai kai rabin wahalar gyara daga baya ba, kuma in gini ya yi sanyi sola ɗin da za ka saya ma ƙarami ya ishe ka.

Kan sola, adashen da munka buɗe yana tafiya, waɗanda sunka kwasa mafi yawa batirin litiyum sunka saya don ya fi na ruwa daɗewa duk da tsada. Sai dai don Allah a riƙa wanke farantan sola lokacin hunturu, ƙura na rage wuta sosai, wasu sun zo da ƙorafi ashe ƙura ce kawai.

Mun kai ziyara wajen 'yan uwanmu na Argungu da Jega, ta Yauri ba ta samu ba.

Kuɗin wata-wata har yanzu akwai masu bashi, ma'aji zai karanto lissafi a babban taro. Shekara mai zuwa in sha Allahu muna son shirya bita ta musamman ma birkiloli da kafintoci, don su ke riƙe da aikin a fili, duk mai magini da yake son a sa shi ya kawo sunanshi ofis kafin taron.

Wassalam,
Sakatare