Saƙo ga masananmu ƴan Tasawa mazauna ƙetare

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne. Muna gaida kowa da aiki, muna yi muku sannu da sanyin can. Mutanen gida duk lafiya, suna gaisuwa.

A zaman da kwamiti ya yi da malaman sakandare na garinmu, kukansu ɗaya ne: yara na gudun lissafi da fizik, wai karatun ƴaƴan manya ne na Yamai. Shi ya sa muke roƙon duk ɗan ƙungiya da ke aikin kimiyya, likita ne ko injiniya ko mai bincike a ɗakin gwaje-gwaje, mace ko namiji, ya naɗi muryarsa ta WhatsApp, kamar minti goma, ya ba da labarin hanyar da ya biyo. Kuma da Hausa.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, yaran sun san sunan Abdou Moumouni saboda jami'ar Yamai da aka raɗa wa sunansa a 1992, amma da yawansu ba su san a Tasawa aka yanke masa cibiya ba, a 1929. Ya bi ta makarantar William Ponty a Senegal, ya wuce Faransa, a 1956 ya ci babbar jarrabawar zama malamin fizik ta ƙasar. Da ya so zama can, wa zai hana shi? Sai ya dubi abin da muka fi kowa arzikinsa, wato rana, ya mai da ita abin bincikensa. Daga 1969 ya jagoranci hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, inda aka ƙera tukunyar dafa ruwa da murhun girki masu aiki da zafin rana. Duk wanda ya ga uwarsa durƙushe gaban murhu tana hura ɗanyen itace, ido na hawaye, ya san mutumin bai manta inda ya fito ba. Tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka yake cewa a koyar da yara da harshensu. Ya rasu a 1991, Allah ya jiƙansa.

To, don Allah kada a aiko mana da jerin digirori da sunayen jami'o'i. Wannan na masu ɗaukar aiki ne. Ku faɗa musu unguwarku da sana'ar gidanku, da malamin da ya fara sa ku son lissafi, da fitilar ƙwai da kuka yi bita da ita, da shekarar da kuka faɗi jarrabawa kuka maimaita aji. Wadda aka so a cire ta daga makaranta a yi mata aure, ta faɗi wanda ya tsaya mata. Sannan kowa ya bayyana aikin da yake yi yau yadda kakarsa za ta gane. Mun san wasu Hausar ta fara tsatsa. Ba komai, yaran za su yi dariya amma za su saurara.

A tura wa sakatare kafin Babbar Sallah, don malamai su shirya tun kafin a koma makaranta. Wanda ke da niyyar zuwa gida bana ya sanar da mu, a tsara masa rana ya shiga aji da kansa. Masu bashin kuɗin wata kuma, ma'aji na nan yana jira.

Allah ya bar zumunci.

Sakataren ƙungiya, a madadin shugaba da kwamiti