Matar Mai Masana'anta Ta Riƙe Mini Kaya a Taiwan

Assalamu alaikum Hajiya. Yau kwana tara rabona da barcin kirki. Ni ɗan kasuwa ne a Ƙofar Ruwa, shekara 11 ina sayo noti da kusoshin kwano daga wata ƙaramar masana'anta a Gangshan, yankin Kaohsiung a kudancin Taiwan, garin da ya yi suna wajen buga kusa. Mai masana'antar ya riƙe ni kamar ƙaninsa. Da bakinsa ya ce in ba da kashi 30, saura sai kaya sun sauka Legas. Makon jiya sai ga saƙo ta manhajar aika saƙo ta LINE, wai ba za a loda kwantena ba sai na biya duka. Kuma matarsa ce ta aiko.

Wallahi Hajiya ban san matsayinta ba. Sau uku ina zuwa, kullum tana teburin bakin ƙofa da kalkuleta, ita ke zuba mana shayi a 'yan ƙananan kofuna. Na ɗauka ma'aikaciya ce. Ko da na gane matarsa ce ban ɗaga kai na kalle ta ba, ai haka aka tarbiyyantar da mu, ba a zura wa matar mutum ido. Tsarabar hula da takalmin fata ma shi kaɗai na kai wa. Sai yanzu tafinta ke gaya mini ita suke kira "laoban niyang", uwar ɗakin kamfani. Hatimi biyun da banki ke nema, babba na kamfani da ƙarami na mai shi, suna cikin durowarta. Yayarsa ita ta ba da kuɗin injin farko, har gobe tana da hannun jari. 'Yarsu kuma ita ke riƙe da harkar fitar da kaya. Mata uku sun haɗe mini kai, shi kuma ya daina ɗaukar wayata.

Matar tasa mace ce mai riƙo, a fuskarta ma za ki gani. Gaskiya ne na yi jinkirin biya sau biyu a 2023, amma wa bai yi ba lokacin da naira ta faɗi? Shi na ba haƙuri, ya ce ba komai. Ashe ita ke rubutawa.

Uwargidana ta ce alhakin raina mata ne ya kama ni, har muka yi sa-in-sa. Ni ban raina kowa ba.

In rubuta mata in ba ta haƙuri? A kan wane laifi? Wani aboki ya ce in jira sabuwar shekararsu in aika mata kyauta, amma dillalaina ba za su jira ba. Abin da ya fi damuna, rabin kuɗin nan na yayana ne, filinsa ya sayar, kuma har yau ce masa nake kaya suna kan ruwa. Hajiya, ta yaya zan fara gaya masa?

Naki,
Mai sauraro daga Kano