Takarda Zuwa ga Baba da Inna daga Holan

Leiden, ƙasar Holan
Disamba 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kuna lafiya, ku da duk mutanen gida, kamar yadda nake nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Yaya hunturun Funtua? Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Dalilin wannan takarda shi ne, Yaya ya gaya mini in aka tambayi Baba a masallaci abin da nake karantawa, sai ku ce likitanci ne amma wanda ba a ba da magani. Na yi dariya har na gode Allah. A waya ba a samun natsuwar bayani, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, Auta ta karanta wa Inna.

Aikinmu duban jikin mutum ne da idon injiniya: nauyi nawa ke sauka a gwiwa in an taka, ƙarfi nawa tsoka ke kashewa, wace gaɓa ce ke fara gajiya. Ni ɓangarena ɗaukar kaya a ka. Ina kwana a Leiden, kullum in hau jirgin ƙasa zuwa Delft, tafiyar kamar minti 20. A ɗakin gwaji akwai faranti a binne cikin daɓe mai auna ƙarfin kowane taku. Muna manna wa mutum 'yan ƙwallaye masu ƙyalli a gaɓoɓi, kyamarori su bi motsinsu, sannan a sa masa abin rufe hanci da baki mai auna iskar da yake shaƙa. Da wannan iskar ake gane ƙarfin da jiki ya ƙona, domin duk aikin da tsoka ta yi sai ta biya shi da numfashi.

Inna, wannan ɓangaren naku ne. A 1986 wani masani ɗan Kenya, Farfesa Maloiy na Jami'ar Nairobi, da abokan aikinsa suka auna matan Luo masu ɗora kaya a tsakiyar kai da matan Kikuyu masu rataye shi da igiya a goshi. Suka tarar matan na ɗaukar abin da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da numfashinsu ya ƙaru ba, alhali sojan da ya goya irin wannan nauyi a baya sai ya biya. Kuma suna iya kai wa har kashi 70. Aka daɗe ana neman dalili, har a 1995 wani masani mai suna Heglund da mutanensa suka fito da bayani. Tafiyar ɗan Adam kamar lilo take: kowane taku jiki ya ɗan hau sama, ya gangaro, ƙarfin gangarowar ya tura shi cikin taku na gaba. Yawancin mutane, ko sun ƙware, kusan kashi 65 na wannan ƙarfi suke maidowa, saura ya zube. Matan nan in kaya na kansu suna maido fiye da haka. Wato takun nan na natsuwa da kuke yi da tulu a kan gammo, ba a gaggawa ba a tangaɗi, tattalin ƙarfi ne.

Sai dai magana ba ta ƙare nan ba. Matan da aka auna a 1986 ƙalilan ne. A 2010 wasu suka sake gwaji da matan Xhosa a Afirka ta Kudu, masu yawa fiye da na farko, suka ga a dunƙule ɗaukar kai ba ta fi goyo a baya sauƙi ba. Wasu matan suna da wannan baiwa, wasu ba su da ita, kuma da yawa sun yi kukan ciwon wuya. Nan nake tsaye. Ni ban damu ƙwarai da yabon da Turawa ke yi wa takun matan Afirka ba. Abin da nake so in sani shi ne me ke samun ƙashin wuya bayan shekara 30 ana ɗora masa ruwa da itace. Lissafin ma ba wuya. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Yarinyar da nauyinta kilo 40 ne, kashi 20 ɗinta kilo 8 kacal. Don haka, don Allah Inna, a daina barin Auta da yaran Gwaggo suna ɗaukar babbar jarka. A raba ruwan biyu, ko a kira mai kura, kuɗin na wuyana. Malamina ya yarda in zo gida in yi awo a kan matanmu in an sami izini daga hukumomin da abin ya shafa, in sha Allah.

Kun tambayi sanyi. Akwai shi, ga rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi. Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya tada farashin gas a 2022, gwamnati ta yi ta kira kada a ɗumama ɗaki ya wuce digiri 19, wanka kuma kada ya wuce minti 5. Suna da nasu babban filin gas a Groningen, amma haƙarsa ta riƙa jawo girgizar ƙasa tana tsattsaga gidaje, suka rufe shi. Akwai wani Baholande a gidanmu da digirinsa kacokan a kan wannan yake: ta ina zafi ke sulalewa daga tsofaffin gidaje. Ya bi tagoginmu da kyamarar da ke ganin zafi, ya toshe kafofi da soso, kuɗin gas ya ragu. Yana da kirki, amma in ka bar ƙofa a buɗe sai ka sha wa'azi.

Baba, ga wanda zai faranta muku. A masallacin Juma'a na haɗu da wani Bamaroke mai bincike a kan nahawun mutanen da. Da na ce masa mahaifina yana karantar da Ajurrumiyya a zaure, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, don shi mutumin Fas ne, garin da mai littafin, Ibn Ajurrum, ya rasu a 1323. Shi ya shaida mini cewa a wannan garin na Leiden aka buga Ajurrumiyya a 1617 tare da fassarar Latin. Wanda ya buga ta, Erpenius, malamin Larabci ne a jami'ar nan tun 1613, ita kuma jami'ar an kafa ta a 1575. Shekara 400 ke nan da wani abu ɗaliban Turawa suna fama da alamomin i'irabi, irin faman da muka sha a gabanku.

Binciken nasa kwatanta yadda aka koyar da nahawu ne a wancan zamani, can da nan. Ashe su ma Turawa da waƙa suke haddace ƙa'idojin Latin. Wajen 1200 wani malami a Faransa, Alexander na Villedieu, ya tsara musu nahawu cikin baiti fiye da 2,600, yara suna bitarsa har ƙarni uku. Ibn Malik, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1274, ya taƙaita nasa na Larabci cikin dubu, wato Alfiyya. Na ce masa to ai namu ya fi tausayin almajiri. Bambancin shi ne nasu ya mutu, sai masu bincike ke buɗe shi, Alfiyya kuwa har gobe ana rera ta bayan sallar asuba. Na ambata masa Bahrul Muhiɗ da Hisnur Rasin na Malam Abdullahi na Gwandu, ya rubuta sunayen a littafinsa. Ya kai ni ɗakin karatu na ga rubuce-rubucen hannu da wani jakadan Holan, Warner, ya tara a Istanbul ya bar wa jami'a a 1665, kusan dubu. Kowanne da lambarsa da akwatinsa, ɗakin da awon sanyi da laima, ba gara ba kyankyaso.

Irin wannan aikin ne wani ɗan Indunusiya da muke gida ɗaya yake yi, amma shi da duwatsu, a gidan tarihin Naturalis, inda aka ajiye abubuwa fiye da miliyan 40. Yini yake yana jan aljihun tebur yana karanta 'yan takardun da aka liƙa wa duwatsu tun zamanin mulkin mallaka, yana shigar da su kwamfuta. Ya ce dutsen da takardarsa ta ɓace, ba a san inda aka tsinto shi ba, ya tashi daga aiki. Da ya ji ni mutumin Katsina ne sai ya ce, "Ka san Zagami?" A watan Oktoba na 1962 wani dutse mai kilo 18 ya faɗo daga sama a gona a Zagami, wajen Faskari, kusa da wani manomi. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. Daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars ya fito, domin iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbon Viking na Amurka ya auna a can a 1976. Yau an yayyanka shi, gutsattsarinsa na ƙasashe da dama. Na yi firamare da sakandare a maƙwabtan wurin, ba malamin da ya taɓa ambata mana shi. Ga kuma na Nijar, wanda aka tsinta a yankin Agadas a 2023: a watan Yulin bana aka yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan 5 da ɗoriya, sai bayan an sayar gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Abin ya ci mini rai. In Kawu ya zo, a tambaye shi ko tsofaffin wajensu na tuna faɗuwar na Zagami, a ɗaukar mini muryarsa a waya. Ban ce kowa ya kama hanyar Faskari saboda wannan ba, na san halin da ake ciki.

Sai roƙona ga Baba. Littattafan marigayi Kaka da ke cikin gafaka, ina so ku ba Yaya izini ya ɗauki hotonsu shafi-shafi, da rana, a inuwa, ba tare da ya hargitsa jerin warƙoƙin ba. Ya fara da na nahawu, musamman shafin ƙarshe inda mai kwafe yake sa sunansa da shekara, da kuma 'yan bayanan da Kaka ya rubuta a gefe. Ku kuma ku faɗa masa wajen wa Kaka ya karanci kowanne, ya rubuta a takarda ya sa a ciki. Ba inda littattafan za su je, suna nan hannunku. A dai ɗaga su daga ƙasa kafin damina.

Na aika da saƙo ta hannun Yaya: na maganin Inna, na makarantar Auta, sauran a sayi akwatin ƙarfe don littattafan. In ana samun mai zuwa, ina marmarin yaji da kuka da daddawa. Kilishi kada a wahala, ba a barin nama ya shigo.

A gaishe da Gwaggo da Kawu, da liman, da almajiran zaure baki ɗaya. Ina neman addu'arku, a watan Maris zan gabatar da aikina gaban malamai. Allah ya ƙara girma, ya bar mu tare.

Wassalam,
Ɗanku mai biyayya